Furotin a Abincin Roba: Nawa Ne Ya Ishi Majinyacin da Ciwo Ya Tsananta Gare Shi?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a PZ da sassafe, inda motocin haya ke lodin fasinjojin Kwangila da Samaru da Shika, da wuya ya rasa ganin wata baiwar Allah ko wani saurayi rungume da filas da kwanon sha. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane masu jinya ne, sun doshi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a shekarar 2005. Abin da ke cikin filas ɗin kuwa bai cika wuce koko ko kunu ba. Wasu majinyatan za su karɓa su sha da bakinsu. Wasu kuwa ba su san inda kansu yake ba, saboda haɗarin mota, ko shanyewar ɓarin jiki, ko sanƙarau, ko cutar sarƙe-haƙora, ko mummunar ƙuna. Irin waɗannan ba sa iya haɗiya, sai dai a ɗura musu abinci ta wata siririyar roba da aka zura ta hanci har zuwa tumbi.

Masu iya magana kan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Majinyacin da ke kwance rai a hannun Allah yana bukatar abin da zai yi yaƙi da cuta da shi, kuma a cikin sinadaran abinci babu wanda aka fi kai ruwa rana a kansa kamar furotin. An daɗe ana ɗauka cewa gwargwadon yawan furotin da aka ba irin wannan majinyaci, gwargwadon saurin murmurewarsa. To, amma manyan gwaje-gwajen da aka buga sakamakonsu tsakanin 2023 da 2025 sun sa likitoci sun sake lale. Wannan maƙala za ta bayyana abin da furotin yake, da abin da ciwo mai tsanani ke yi masa a cikin jiki, da adadin da bincike ya nuna ya dace, da kuma yadda duk wannan ya shafi kokon da ke cikin filas ɗin nan.

Mene Ne Furotin?

Furotin shi ne sinadarin da aka fi sani da mai gina jiki. An raɗa masa wannan suna a 1838, a rubuce-rubucen wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Holan mai suna Gerardus Mulder, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke kan gaba. Kowane furotin sarƙa ce da aka ƙulla da ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, kamar yadda ake jera duwatsu a zaren tsakiya. Iri 20 ne jiki ke amfani da su. Yana iya haɗa 11 da kansa, amma sauran 9 tilas ne su zo ta hanyar abinci.

Aikin furotin ya wuce gina tsoka. Da shi ake yin sinadaran garkuwar jiki masu kama ƙwayoyin cuta, da sinadaran narkar da abinci, da jan sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin, da zaren da ke ɗinke rauni har ya warke. Haka kuma akwai albumin, wanda hanta ke yi, wanda yake taimakawa wajen riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini.

Abubuwa biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan. Na farko, jiki yana da rumbun ajiye kitse, yana da ɗan ƙaramin rumbun ajiye sukari a hanta da tsoka, amma ba shi da rumbun furotin. Duk furotin da ke jiki yana bakin aiki ne. Saboda haka idan aka bukace shi da gaggawa, sai dai a rushe tsoka a ɗebo. Na biyu, furotin ya bambanta da sitaci da mai domin yana ɗauke da naitirojin, kimanin kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. Idan aka ƙona amino asid, hanta kan mai da naitirojin ɗin wani sinadari mai suna yuriya, ƙoda ta fitar da shi cikin fitsari. Wannan ne ya ba masana damar yin lissafi: duk giram 1 na naitirojin da ya fita, giram 6.25 na furotin ke nan ya salwanta.

Baligi mai lafiya yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a kullum. Wato mutum mai kilo 60 zai wadatu da giram 48.

Abin da Ke Faruwa Idan Ciwo Ya Tsananta

A farkon shekarun 1930, wani likita a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, David Cuthbertson, ya riƙa auna fitsarin mutanen da suka karye a ƙafa. Sai ya tarar suna zubar da naitirojin mai yawan gaske, fiye da abin da lafiyayyen mutum ke zubarwa idan aka kwantar da shi a gado kurum. Ya fahimci cewa raunin da ke wuri guda yana sa jiki gaba ɗaya ya shiga cin kansa. A 1942 ya raba wannan hali gida biyu, ya kamanta su da janyewar ruwan teku da cikowarsa. A kwana ɗaya ko biyu na farko jiki kan lafa, jini ya ragu a gaɓoɓi, komai ya yi sanyi. Daga nan sai wuta ta kama: zazzaɓi ya tashi, zuciya ta ƙara sauri, tsoka ta fara narkewa.

A yau an san dalilin haka. Idan mutum ya ji mummunan rauni, ko ƙwayoyin cuta suka mamaye jininsa, jiki kan saki sinadaran tashin hankali irin su kotisol da adirenalin, tare da wasu sinadarai masu haddasa kumburi. Waɗannan ne ke ba tsoka umarnin ta saki amino asid cikin jini. Hanta sai ta karɓa, ta yi sukari da wani ɓangare domin ciyar da ƙwaƙwalwa da wurin rauni, ta ƙera makaman yaƙi da cuta da sauran. Lamarin ya yi kama da na magidancin da gobara ta kama gidansa, ya shiga ɓalle ƙyamaren ɗakuna yana tare wuta da su. Dabarar tana iya ceton gida, amma in wutar ta daɗe, sai a wayi gari babu ƙofa ko ɗaya.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Wanda ya yi mummunar ƙuna ko manyan raunuka yana iya zubar da giram 20 na naitirojin a rana, ko ma fiye. Idan aka ninka da 6.25, giram 125 na furotin ke nan, wanda ya yi daidai da tsoka fiye da rabin kilo, tun da yawancin nauyin tsoka ruwa ne. Wani bincike da aka yi a Landan aka buga a 2013, a kan majinyata 63 da ke ɗakin kulawa ta musamman, ya nuna cewa kaurin wata tsokar cinya ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a cikin kwana 10. Ba tsokar hannu da ƙafa kaɗai ke tafiya ba, har da tsokokin numfashi da na tari. Shi ya sa wasu majinyata ke wahalar rabuwa da na'urar numfashi, wasu kuma, bayan an sallame su, sukan yi watanni ba su iya hawa keke ko riƙe fartanya ba. Ga manomi ko ɗan dako ko ɗan acaɓa, wannan asarar abincin iyali ce kai tsaye.

Yadda Ake Ciyarwa ta Roba

Ciyarwa ta bututu tsohuwar dabara ce. A 1790, wani likitan fiɗa a Landan, John Hunter, ya ciyar da wani mutum da haɗiya ta gagare shi ta hanyar bututun da ya haɗa da fatar wani kifi mai kama da maciji, ya riƙa ɗura masa abubuwa irin su ƙwai da madara da sukari. A yau roba mai laushi ake amfani da ita. Kafin a zura ta, ana auna tsawon da ake bukata daga ƙarshen hanci zuwa kunne, daga kunne zuwa ƙahon zuci. Tana bi ta hanci, ta gangara ta maƙoshi, ta tsaya a tumbi. Idan ana ganin jinyar za ta wuce wata guda, akan huda fatar ciki a sa bututu kai tsaye cikin tumbi, dabarar da aka fara bayyanawa a Amurka a 1980.

Mai karatu na iya tambaya, me zai hana a dogara da ƙarin ruwa kawai? Amsa ita ce, ledar ƙarin ruwa ta yau da kullum gishiri ce ko sukari a cikin ruwa, babu furotin ko kaɗan a cikinta. Lita guda ta ruwan sukari mai kashi 5 cikin 100 giram 50 na sukari kawai ta ƙunsa, wanda bai kai ƙarfin abincin da ke cikin rabin kwanon tuwo ba. Akwai cikakken abinci na jijiya, wanda Stanley Dudrick da abokan aikinsa suka nuna yiwuwarsa a Amurka a 1968, sai dai yana da tsada ƙwarai, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofar shiga jini.

Ban da sauƙin kuɗi, bin hanyar hanji yana da wata fa'ida. Bangon hanji yana samun wani ɓangare na abincinsa daga abin da ke wucewa ta cikinsa. Idan aka bar shi fayau kwana da kwanaki, sai ya sirance, katangar da ke tsare biliyoyin ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji ta yi rauni. Don haka ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, muddin hanji na aiki, a yi amfani da shi, kuma a soma da ɗan kaɗan a cikin awa 24 zuwa 48 na farko, sai fa in jinin majinyacin ya faɗi ƙwarai ba a shawo kansa ba tukuna.

To, Nawa Ne Ya Isa?

Tun da an ga tsoka na narkewa, abin da hankali zai fara kawowa shi ne a ƙara furotin domin cike giɓi. Wasu bincike na bibiyar majinyata ma sun nuna cewa waɗanda suka sami furotin da yawa sun fi rayuwa. A kan haka ne ƙungiyar masana abincin majinyata ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa a ba da giram 1.2 zuwa 2.0 ga kowane kilo a rana. Takwararta ta Turai kuwa, a 2019, ta tsaya a kan giram 1.3, ta kuma ce a kai can a hankali.

Sai dai akwai tarko a cikin irin wancan bincike, wanda ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya gane. Majinyacin da ke samun sauƙi shi ne cikinsa ke karɓar abinci da yawa, shi ne kuma ke daɗewa a raye har a ci gaba da ciyar da shi. Saboda haka ba a san ko abincin ne ya kawo sauƙin ba, ko kuwa sauƙin ne ya ba da damar cin abincin. Hanyar warware wannan ita ce a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wannan rukuni da yawa, a ba wancan daidai misali, sa'an nan a kwatanta. An yi irin wannan gwaji manya guda uku.

Na farko, mai suna EFFORT, an buga shi a mujallar Lancet a 2023. Ya ƙunshi majinyata 1,301 a ɗakunan kulawa ta musamman 85 a ƙasashe 16. An yi niyyar ba rukuni ɗaya giram 2.2 ko fiye, ɗayan kuma giram 1.2 ko ƙasa da haka, ko da yake abin da ya shiga jikinsu a zahiri giram 1.6 ne da 0.9. Ƙarin furotin bai gaggauta sallama daga asibiti ba. Bayan kwana 60, kashi 34.6 cikin 100 sun rasu a rukunin masu yawa, kashi 32.1 a ɗayan, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne alamun cewa ƙarin ya cutar da waɗanda ƙodarsu ta sami matsala, da waɗanda gaɓoɓinsu da yawa suka gaza.

Na biyu, mai suna PRECISe, an yi shi a asibitoci 10 na Holan da Beljiyam a kan majinyata 935, aka buga a 2024. An kwatanta giram 2.0 da giram 1.3, aka bi majinyatan har kwana 180 ana tambayar su halin rayuwarsu: tafiya, wanka, ayyukan yau da kullum, ciwo da damuwa. Waɗanda suka sami furotin mai yawa su ne suka ɗan fi zama a baya.

Na uku, TARGET Protein, shi ne mafi girma. An yi shi a ɗakunan kulawa 8 a Ostireliya da Niyu Zilan, a kan majinyata 3,397, aka buga a 2025. An kwatanta abincin roba mai giram 100 na furotin a lita da mai giram 63. Bayan kwana 90, ba a ga wata riba ba wajen yawan kwanakin da majinyata suka yi a raye a wajen asibiti.

Abin da waɗannan gwaje-gwaje suka haɗu a kai shi ne, a lokacin da ciwo ke kan ganiyarsa, zarce kimanin giram 1.2 zuwa 1.3 ba ya ƙara wa yawancin majinyata komai, kuma yana iya cutar da wasu. Masu babbar ƙuna da waɗanda ake yi wa wankin ƙoda ba dare ba rana suna da nasu lissafin daban, domin suna asarar furotin ta fata ko ta na'ura.

Me Ya Sa Ƙarin Bai Yi Amfani Ba?

Wani ƙaramin bincike da aka yi a birnin Adiled na Ostireliya, aka buga a 2022, ya haska wannan al'amari. An ba majinyata da lafiyayyun mutane giram 20 na furotin ɗin madara wanda aka yi wa alama, aka bi sawunsa a jiki. Hanjin majinyatan ya tsotse shi kusan kamar na masu lafiya, amma abin da ya shiga ginin tsokarsu ya gaza na masu lafiya da kimanin kashi 60 cikin 100. Wato an kawo bulo wurin gini, amma magina sun ajiye aiki. Kumburi da rashin motsi su ne suka toshe kunnen tsoka, ta daina jin kiran gini.

Bulon da ba a yi gini da shi ba kuwa kaya ne a kan wasu. Jiki ba ya ajiye rarar amino asid, sai dai hanta ta farfasa su, yuriya ta ƙaru a jini, ƙodar da ta riga ta gaji ta sami ƙarin aiki. Bugu da ƙari, ƙwayoyin halittar jiki suna da wata hanya ta share kansu, inda suke narkar da sassansu da suka lalace su sake amfani da su. Binciken wannan hanya ne ya sa aka ba Yoshinori Ohsumi na Japan kyautar Nobel a 2016. Yawan amino asid a jini yana rage wannan shara, kuma masana da dama suna ganin wannan na cikin dalilan da suka sa cika wa majinyaci abinci tun da wuri ba ya haifar da ɗa mai ido.

Ma'aikatan cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar sun daɗe da sanin irin wannan darasi. Yaron da aka kawo a galabaice ana fara ba shi madarar F-75, mai giram 0.9 kacal na furotin a mililita 100. Sai ya farfaɗo, sha'awar abinci ta dawo, sa'an nan a koma F-100 mai giram 2.9. Sannu ba ta hana zuwa.

Lissafin Kokon da Ke Cikin Filas

A nan ne ya kamata a yi hattara, kada a ɗauki darasin a baibai. Rukunin da ya sami furotin kaɗan a gwajin EFFORT ya sami giram 0.9 ne ga kowane kilo, wato giram 54 a rana ga mai kilo 60. Yawancin majinyatan waɗannan gwaje-gwaje abincin kamfani aka ba su, wanda ko mafi sauƙinsa yana da kimanin giram 40 a lita. Irin wannan abinci yana da tsada a Nijeriya, shi ya sa a asibitoci da yawa ake komawa ga abin da aka dama a gida ko a kicin ɗin asibiti.

A gwada lissafi da mutum mai kilo 60. A kan giram 1.3, yana bukatar giram 78 a rana. Masara tana da furotin kimanin kashi 9 cikin 100, gero da dawa 10 zuwa 11. Kokon da ya yi ruwa-ruwa har zai bi ta roba kuwa, kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, saboda haka lita guda ba ta cika kai giram 10 na furotin ba. Ke nan sai an ɗura wa mutumin lita 8 ko fiye, alhali abin da akan ba baligi ta roba a rana bai cika wuce lita 1.5 zuwa 2 ba. Wanda aka bari a kan zallan koko yana samun ƙasa da giram 20. A 'yan kwanakin farko wannan ba lalle ya zama illa ba, amma in aka shiga mako na biyu da na uku a haka, tsoka za ta ƙare, rauni ya ƙi warkewa, gyambon kwanciya ya ɓullo. Matsalar da ta fi yawa a nan gida ita ce ƙaranci.

Abin farin ciki, maganin yana nan a kasuwar Sabon Gari da ta Samaru. Waken suya yana da furotin kashi 36 zuwa 40 cikin 100, wake da gyaɗa kimanin 24 zuwa 25, garin madara kimanin 26, ƙwai guda kuma giram 6. Idan aka haɗa giram 150 na garin hatsi, da giram 100 na garin waken suya, da giram 60 na garin madara, da ƙwai biyu, za a sami kusan giram 14 da 38 da 15 da 12, jimla giram 79. Wannan misali ne na lissafi kawai, domin masanin abincin majinyata ne ke tsara wa kowa nasa, bisa la'akari da ƙodarsa da sukarin jininsa. Haɗa hatsi da wake yana da wata hikima kuma: hatsi yana da ƙarancin amino asid mai suna laisin, wanda wake ke da shi a wadace, shi kuma wake yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke cikewa.

Yankin Zariya yana da tarihi a wannan fage. Ita kanta unguwar PZ ta samo sunanta ne daga kamfanin ciniki na Paterson Zochonis. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a matsayin tashar gwajin noma a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin jami'a a 1962, ta fitar da ire-iren wake masu suna SAMPEA, da gyaɗa SAMNUT, da waken suya SAMSOY, da masarar SAMMAZ 14 wadda aka inganta furotin ɗinta da ƙarin laisin da tiriftofan. A Shika kuma, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa ce ta samar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown.

Saura matsalar kauri, domin haɗi mai nauyi irin wannan yana iya toshe roba. A nan ma akwai dabarar gida: garin tsiron hatsi, irin wanda masu kunun zaƙi suka sani, yana ɗauke da sinadarin amilez mai tsinka sitaci. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana mai da kunu mai kauri ya zama ruwa-ruwa ba tare da an ƙara ruwa ba, daga nan a sake tafasawa, a tace sosai.

Haɗurran da Ake Kaucewa

Mafi muni shi ne abinci ya shiga huhu. Wannan kan faru idan robar ta ɓace hanya ta bi ta bututun iska, ko ta zame daga wurinta, ko abinci ya taso daga tumbi. Ma'aikatan jinya kan tabbatar da wurin robar ta hanyar zuƙo ruwan tumbi a gwada tsaminsa, ko ta hoton ƙirji. Hura iska a saurara da abin sauraron ƙirji shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ana kuma ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45 lokacin ciyarwa da bayanta. Bai kamata mai jinya ya ɗura komai ba sai da izinin nas.

Na biyu shi ne ƙazanta. Kunu mai madara da ƙwai gona ce ga bakteriya, musamman a zafin bazara. Abincin da aka haɗa a gida kada ya wuce awa biyu a buɗe. Dole a dafa ƙwai ya nuna, a dafa ko a soya waken suya sosai domin ɗanyensa na ɗauke da sinadarin da ke hana narkar da furotin, a kuma zubar da duk gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna saboda gubar afalatoksin mai lahanta hanta. A wanke robar da tsaftataccen ruwa kafin ciyarwa da bayanta.

Na uku ya shafi wanda ya daɗe bai ci abinci ba. Idan aka cika masa ciki farat ɗaya, sinadaran fosfet da fotasiyam da maganiziyam na jininsa kan ruga cikin ƙwayoyin halitta, su yi ƙasa ƙwarai, har zuciya ko numfashi su tsaya. Don haka akan fara da kaɗan, a ba da bitamin B1, a riƙa auna jini.

A ƙarshe, abinci shi kaɗai ba ya mai da tsoka. Da zarar likita ya ba da dama, juya majinyaci, da motsa masa gaɓoɓi, da zaunar da shi, da aikin masu gashin ƙashi, su ne ke sake buɗe kunnen tsoka. A lokacin murmurewa, wanda kan ɗauki watanni bayan sallama, bukatar abinci mai gina jiki tana nan daram, ko da yake a lokacin ne iyalai da yawa ke sakin jiki.

Aiki Don Aji

Malamin kimiyyar halittu zai iya nuna wa ɗalibai wannan darasi da kayan da ke ɗakin gwaji. A zuba zallan koko da aka tsinka a kwalbar gwaji ɗaya, madarar waken suya a ta biyu, farin ƙwai da aka dama da ruwa a ta uku. A sa wa kowace ruwan sodiyam haidiroksaid, sa'an nan a ɗiga ruwan kofa salfet kaɗan. Wannan shi ne gwajin Biyuret: inda furotin ya fi yawa, nan launin shunayya zai fi turuwa. Bayan haka kowane ɗalibi ya auna nauyinsa, ya lissafa bukatarsa a kan giram 0.8 da kuma 1.3, ya gano lita nawa na koko za ta biya masa ita.

Kammalawa

Daga fitsarin da Cuthbertson ya auna a Gilasgo zuwa gwaje-gwajen 2023 da 2024 da 2025, an shafe fiye da shekara 90 ana neman amsar tambaya guda. Abin da aka tsaya a kai a yanzu shi ne a fara ciyarwa da wuri ta hanyar hanji, a fara da kaɗan, a ƙara a hankali har zuwa kimanin giram 1.2 ko 1.3 ga kowane kilo, a sa ido a kan ƙoda, a kuma haɗa da motsa jiki idan ƙura ta lafa. Ga mai jinyar da ke shiga mota a PZ da filas a hannu, abin da ya fi dacewa shi ne ya tambayi nas ko masanin abinci abin da za a zuba a cikin kunun, da adadinsa, da lokacin ba da shi. Ga ɗalibai kuwa, har yanzu ana bukatar masu auna abincin gida, su tantance abin da ke cikin kowace lita ta kunun gero da waken suya, domin likitocin ƙasar nan su riƙa rubuta shi da adadi kamar yadda suke rubuta magani.